Kwana yana rabawa daidai, amma hankalinsa yana ɗakinta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Shekarata 14 da aure, 'ya'yana huɗu. Bara maigidana ya ƙara aure. Ba zan yi masa sharri ba, kwana bibbiyu yake yi mana, bai taɓa tauye min dare ɗaya ba, kuma abin da ya saya mata yana saya min. Amma in yana ɗakina waya ba ta barin hannunsa, da ita yake hira har barci ya kwashe ni. Da na yi magana sai ya ce zuciya ba a hannunsa take ba, ai ko Annabi ya fi son Nana A'isha. Yana da gaskiya? Kuma ina da laifi wurin Allah da na kasa son abokiyar zamana?
Daga wata uwargida.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Na ji daɗin yadda kika fara da faɗin alherinsa kafin kukanki.

Maganar da ya kawo tana da asali. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah (SAW) wa ya fi so a cikin mutane, ya ce A'isha, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Aya ta 129 a Suratun Nisa'i ma ta ce maza ba za su iya daidaita mata ba ko sun yi kwaɗayin hakan, malaman tafsiri suka ce son zuci ake nufi. Sai dai ayar ba a nan ta tsaya ba. Ta ci gaba da cewa kada ku karkata gaba ɗaya har ku bar ɗayar kamar ratayayyiya, ba ita ga mai miji ba, ba ita ga sakakkiya ba. Wannan rabin ne maza da yawa ba sa ƙarasawa.

Zuciyarsa ba ya mallakarta, na yarda. To wayar fa? A hannunsa take, shi yake ɗauka, shi yake ajiyewa. Ba don gangar jiki ta kwanta a ɗaki aka wajabta rabon kwana ba, don ɗebe kewa ne da natsuwa, shi ya sa ko mace tana haila ko tana jinya kwananta ba ya faɗuwa. Malaman fiƙihu sun hana miji shiga wurin wata a daren 'yar uwarta sai da larura. A ganina, wanda ya raba dare yana hira da amarya a kan gadon uwargida ya shiga ɗakin amaryar, ƙafarsa ce kawai ba ta taka ba.

Tunda da Annabi mijinki ya kafa hujja, bari mu duba yadda ya yi da son nan. In zai yi tafiya ƙuri'a yake yi a tsakanin matansa. A ciwon da ya yi wafati a cikinsa yana ta tambaya, "Gobe ina nake?" don yana marmarin ranar A'isha, amma bai tare a ɗakinta ba sai da sauran suka yi masa izini. Duk sanda na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi. Ga kuma hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo: mai mata biyu da ya karkata ga ɗaya zai zo ranar ƙiyama ɓarin jikinsa a karkace.

Batun laifinki kuwa, ki kwantar da hankali. Kishi bai bar gidan Annabi ba. Wata rana ɗaya daga cikin matansa ta doke akushin da wata ta aiko ɗakinta ya fashe, ya tattara da hannunsa yana cewa uwarku ta yi kishi, sannan ya biya mai akushin da lafiyayye. Bai tsine mata ba, bai kuma bar hakkin ɗayar ya tafi a banza ba. Ba a ɗora miki son abokiyar zamanki dole ba, cutar da ita aka hana ki. Nana A'isha da bakinta ta ce Zainab 'yar Jahshi ce mai gogayya da ita wurin Annabi, amma da aka yi wa A'isha ƙazafi aka tambayi Zainab, cewa ta yi tana kare jinta da ganinta, ba ta san komai game da ita ba sai alheri. Ki yi wa abokiyar zamanki sallama, ki duba ta in ba ta da lafiya, ki kame bakinki daga zancenta gaban yara. Sau da yawa na ga shaƙuwa ta biyo bayan wannan, wani lokacin kuma ba ta zuwa, zaman lafiyar dai ya samu.

Shi kuma ki same shi a lokacin da ransa yake fari, kada ki ambaci sunanta, kada ki ce ya so ki kamar ita. Ki roƙi abu ɗaya da zai iya: in ya shigo ɗakinki da dare ya ajiye wayar, in ba larura ce ta taso ba. Ki kuma yi masa alkawarin ke ma ba za ki kira shi a darenta ba.