An sace wayata, Gmail kuma na neman lambar tabbatarwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An zare mini waya a adaidaita sahu, na sayi wata. Na san kalmar sirrina ta Gmail sarai, amma da na saka sai a nemi lambar tabbatarwa, ita kuwa tsohuwar wayar take zuwa. Lambobin masu sayen atamfata duk suna ciki. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Kafin komai, ki je ofishin kamfanin layinki da lambar NIN ɗinki a rufe tsohon layi, a dawo miki da shi a sabon sim. Kada ki kwana ba ki yi wannan ba, domin duk wanda layin ke hannunsa saƙonnin bankinki ma gare shi suke zuwa. Idan ta saƙon tes lambar ke shigowa, da layin ya dawo an gama.

Inda aikin yake shi ne idan manhajar Google Authenticator kika yi amfani da ita. Lambobinta masu alƙaluma 6 a cikin wayar ake ƙirƙirarsu, suna sauyawa duk daƙiƙa 30, ba ruwansu da sim. To ki tuna: akwai kwamfutar shago ko tsohuwar wayar da kika ba ƙanwarki wadda akwatin Gmail ɗinki ke buɗe a kai har yanzu? In akwai, daga can za ki shiga sashen tsaro ki cire wayar da aka sace, ki saka sabuwa. Ki kuma duba ko kin taɓa ajiye lambobin ko-ta-kwana da Google ke bayarwa: guda 10 ne, kowace mai alƙaluma 8, sau ɗaya ake amfani da ita.

In duk babu, ki shiga g.co/recover, ki yi daga gida ko shagon da kika saba shiga, ki amsa tambayoyin iya saninki. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 5 na aiki, saboda ana tantance ko ke ce mai shi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa a tura musu kuɗi su buɗo akwati. Ba su da wata hanya da ke ba ki da ita. Wanda ya kira ki ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki, ki kashe kiran.