Dandamalinmu na katako: amsa ga Kawu

Kawu, kun ga hoton dandamalin da muka kafa ta bayan gidanmu, kuka tambaya ko kuɗin siminti ne ya gagare mu, kuma wane irin Bahaushe ne ke zagayawa da baƙinsa baya.

A nan Greensboro ta Amurka, inda mu 'yan Nijar muke da yawa, gidan kansa da katako ake ɗaga shi, har na attajirai. Jan bulon da kuke gani ado ne aka lulluɓa. Ba zaure, ba katanga a gaba, ƙofa na kallon titi. To ranar suna ina za a shimfiɗa wa maza tabarma?

Kuma ba tashi ake yi a kafa ba, irin rumfar Baba ta karan dawa a Maraɗi da ake gamawa kafin azahar. Tunda da jikin gida za a haɗa, sai an zana, an kai wa hukumar gari ta ba da izini. Kafin shebur ya taɓa ƙasa a kira lambar waya 811, ma'aikata su zo su fesa fenti inda bututun gas da wayar wuta suka bi. Zurfin ramin ginshiƙi inci 12 ne mafi ƙaranci a wajenmu, mutanenmu na jihar Minnesota kuwa sai sun kai 42 ko 60, don ƙanƙara kan ɗaga ƙasa. Ba a zuba kankare sai jami'i ya leƙa ramin da idonsa. Katakon mai magani ne, saboda garar nan ma ba ta da kunya. Idan tsayin dandamalin daga ƙasa ya haura inci 30, dole a kewaye da shinge mai inci 36, tsakanin sandunansa kada ya kai inci 4, gudun kan yaro.

Gayya muka yi ran Asabar, mata na ta tuƙa tuwo. Amma wurin da ya fi haɗari, wato allon da ke riƙe dandamalin a bango, wanda in aka buga shi da ƙusa kawai yakan ɓalle ranar taro, surukinmu ne ya ɗaure shi da manyan noti, ya sa masa kwano don kada ruwa ya shiga. E, uban matar ɗanku, wadda har gobe kuke kira “Baturiyar nan”, alhali baƙar fata ce kamar mu, kuma tana sallarta. Kafinta ne dattijon, ko sisi bai karɓa ba.

Hajiya ce ta kafe sai an yi kariya ta ɓangaren maƙwabci, don ba za ta yi suyar naman layya ana kallonta ba. An yi mata. Da azumi nan muke buɗa-baki in sanyi ya bari, jikoki na durƙusawa su gaida manya. Hausarsu dai tana ɗingishi, wannan kam yana ci mini rai, amma na ga 'ya'yan manyanku na Yamai ma da Faransanci suke amsa iyayensu, ban ji an kore su daga dangi ba.