Tambayoyin Masu Karatu: Ɗalibata Ta Ƙi Zama Kusa Da Ɗan Ajinsu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar nazare a Kaduna, kuma ajina ya haɗa Hausawa da Fulani da Yarbawa da Ibo da Gbagyi, duk 'yan shekara huɗu zuwa biyar. Makon jiya wata yarinya ta ƙi zama benci ɗaya da wani yaro, da na tambaye ta dalili sai ta ce wai gwaranci yake yi, sauran yara suka kwashe da dariya. Tun daga ranar yaron bai ƙara ɗaga hannu ba. Shugabar makaranta ta ce mu shirya ranar al'adu. Anya wannan zai magance matsalar?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki ɗauki yarinyar nan da zafi, domin ba ita ta ƙago maganar ba, tsintarta ta yi a bakin manya. Ita kanta kalmar gwaranci daga sunan Gwari aka ciro ta, wato sunan da muka laƙaba wa mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, kuma mun daɗe muna furta ta ba tare da mun tsaya mun ji nauyinta ba. Yara kuwa suna ɗaukar irin wannan tun da wuri fiye da yadda muke zato. A shekarun 1940, wasu masana halayyar ɗan Adam a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun ajiye wa yara baƙar fata 'yan shekara uku zuwa bakwai 'yartsana fara da baƙa, sai da yawansu suka zaɓi farar suka ce ita ce mai kyau. Kotun Ƙolin ƙasar ta ambaci aikin Clark a hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata.

Ranar al'adu ba laifi ba ce, amma ni ban yarda ita kaɗai za ta wadatar ba. Sau da yawa ma tana ƙara kafa abin da ake son tumɓukewa, domin za a ɗora wa 'yar Fulani ƙwaryar nono, a rataya wa ɗan'uwanta sanda, alhali mahaifinsu ma'aikacin banki ne, sai yara su tashi da tunanin cewa iyakar Fulani ke nan. Abin da ya fi tasiri shi ne abin da ake maimaitawa kullum har ya zama jiki. Da safe ki gaishe su da "Ina kwana", gobe da "Jam waali", jibi da "E kaaro", gata da "Ututu oma", ki kuma roƙi yaron da aka yi wa dariya ya koya miki gaisuwar gidansu. Idan kika yi tuntuɓen harshe wajen faɗa, shi ya gyara miki a gaban aji, to a ranar yara za su gane da kansu cewa kowa baƙo ne a harshen da ba nasa ba, har da malama. Haka nan lokacin tatsuniya, bayan Gizo da Ƙoƙi, ki nemi iyaye su kawo ta kunkuru, wanda shi ne sarkin wayo a tatsuniyoyin Yarbawa da Ibo.

Sai kuma ki sa ido a kan bakinki, ki gafarce ni da na faɗa kai tsaye. Malamai da yawa, don gudun wahalar suna mai tsawo, sukan kira yaro da sunan ƙabilarsa, ko su gutsure sunan yadda ya yi musu daɗi. Ki tambayi uwa yadda ake furta sunan ɗanta, ki riƙe shi daidai. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma wannan tarbiyya ce da iyaye Musulmi da Kirista duk za su amince da ita. Wasan barkwanci ma, irin na Fulani da Barebari, ko Gobirawa da Yarbawa, ko Katsinawa da Nufawa, a bar shi a wajen aji. Tsakanin manya zumunci ne, saboda kowa ya san ƙa'idarsa kuma yana da damar ramawa, amma ɗan shekara huɗu zagin kawai yake ji.

Game da yarinyar, kada a dake ta, kada kuma a tilasta mata ba da haƙuri a gaban jama'a, don hakan zai sa ta ƙullaci yaron. Ki haɗa su aiki ɗaya, kamar raba alli ko tattara littattafai, har su saba. Idan mahaifiyarta ta zo ɗaukarta, ki ja ta gefe ki ba ta labarin abin da ya faru ba tare da zargi ba, domin mai yiwuwa a wurin yayyenta ko a layi ta ji kalmar. Iyayen yaron ma ki sanar da su da kanki, kafin su ji daga bakinsa.