Bizar Umara ba ta rikiɗa ta zama igama

Wasiƙun wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi: wanda ke son ya tafi ya zauna a ƙasar waje, da wanda ya tafi kwanakinsa suka ƙare ya rasa yadda zai dawo.

"Malam, na yi shekara 35 ina koyarwa, na aje aiki, haƙƙina ya fito. Burina in ƙarasa sauran kwanana a Madina. Wani mai harkar tafiye-tafiye ya ce in kawo naira miliyan 9, zai yi mini bizar Umara, idan na sauka yaransa za su juya ta ta koma igama. Kuɗin ba za su kai ba sai na haɗa da fadamar da na gada. In sayar?" Tsohon malamin makaranta, Argungu.

Baba, kada ka sayar. Niyyarka kyakkyawa ce, babu Musulmin da zai ji ta bai ce Allah Ya cika maka buri ba. Amma abin da mutumin nan ya yi maka alkawari babu shi. Bizar Umara ta ibada ce, iyakarta kwana 90, kuma ba a juya ta. Igama takardar zama ce da ake yi wa wanda ya shiga da bizar aiki ƙarƙashin kafili, wato wanda ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa, ko matar mai igama da 'ya'yansa. Saudiyya ba ta da bizar 'yan fansho irin ta wasu ƙasashe. Abin da ya yi kama da ita shi ne igama ta musamman da suka fito da ita a 2019, wadda ba ta buƙatar kafili: riyal 800,000 a biya sau ɗaya a zauna dindindin, ko riyal 100,000 duk shekara. Ana canza dala ɗaya a kan riyal 3.75, ka ga ta dindindin ɗin ta haura dala 213,000. Ka tsaya wurin 'yan canji su buga maka da naira, sannan ka dubi miliyan taran da aka ce maka za ta isa.

Ga abin da zai faru idan ka biya. Zai yi maka bizar Umara ta gaske, wadda kuɗinta bai kai rabin abin da ya karɓa ba. Za ka sauka Jidda, ka yi ɗawafi, ka wuce Madina, zuciyarka fari tas. Wata na farko yaransa na ɗaukar waya. Wata na biyu a ce ana kan aiki. Ranar kwana na 91 lambar ta daina shiga, kai kuma ka zama ɗan takari, mai zama ba takarda, da furfurarka. Daga nan ba otal ɗin da zai karɓe ka, ba za ka kama haya da sunanka ba, in ciwon sukari ko hawan jini ya motsa sai ka yi ta shawara da zuciyarka kafin ka doshi asibiti. Masallacin da ka bar gida dominsa ma da waige-waige za ka riƙa zuwa. Hukuncin da ma'aikatar harkokin cikin gidan Saudiyya ta sanar ga wanda ya wuce wa'adin bizarsa shi ne tarar da za ta iya kai riyal 50,000, ɗaurin da zai iya kai wata 6, sannan a maido shi gida. Kafin a maido shi sai ya kwana a tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, kamar na Shumaisi da ke tsakanin Makka da Jidda, an ɗauki zanen yatsunsa.

Wasu kuma cewa suke za su laɓe har lokacin aikin Hajji su yi ba tare da izini ba. A 2025 an ba masu Umara zuwa 1 ga Zulƙida, wato 29 ga Afrilu, su fice daga ƙasar, kuma wanda aka kama yana neman yin Hajji babu izini tararsa ta kai riyal 20,000, da korar da ba zai sake shiga ba sai bayan shekara 10. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin 100 marasa izini ne, waɗanda ba su da tanti a Mina, ba su da motar da za ta ɗauke su. Majalisar manyan malaman ƙasar ma ta ba da fatawa a wannan shekarar cewa bai halatta a tafi Hajji babu izini ba.

Bari in ɗan tsaya a kan waɗannan dillalan, domin sun daɗe suna ci mini tuwo a ƙwarya. Ba baƙi ba ne. Ɗan unguwa ne, sahu ɗaya kuke sallah, yana da jallabiya mai kyau da turaren oud da carbi mai tsada, ba ya buɗe baki sai da "in sha Allahu". Shi ya sa ba a neman rasit a wurinsa, ana jin kunya. Mutumin da ba zai sayi buhun shinkafa a kasuwa ba sai ya soka hannu ya ɗebo ya duba tsakuwa, shi ne zai ƙirga miliyoyi ya miƙa a zaure ba shaida ba takarda. Bara wani maƙwabcina ya kawo mini takardar da aka ba ƙanensa a matsayin bizar aiki. A cikin leda take, an manne ta da roba tana ƙyalli, ga tambarin dabino da takubba a sama. Da muka ɗaga ta a hasken taga sai ga lambar fasfon an kankare an sake bugawa, baƙin wurin ya fi na sauran rubutun kauri. Muka saka lambar a shafin duba biza na ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, babu abin da ya fito. Shanu biyu aka sayar da injin niƙa aka biya kuɗin wannan takarda. Har yau ana sulhu, kuma kowa ya san sulhun da ake yi da wanda ya riga ya cinye.

Abin da ya fi ba ni haushi, kullum gona ake fara sayarwa. Fadama a Argungu tana ba ka shinkafar damina, ta ba ka ta rani, ta ciyar da jikoki. Da ka sayar, shi ke nan, farashin da za ka ji bayan shekara biyu sai ya sa ka hawaye. Mun yi ta ganin waɗanda aka maido suna saukowa daga jirgi da leda ɗaya a hannu da silifas, su zo gida babu gonar babu kuɗin. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ai ba sai an ce masa ya nemi ruwa ba.

Shawarata, Baba, ka bar fadamar, ko ka ba da ita aro ana kawo maka buhuna. Duk shekara ko bayan shekara biyu ka tafi Umara ta hannun kamfanin da ke da lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ka nemi ganin lasisin da idonka, ka biya ta banki da sunan kamfanin ba da sunan mutum ba. Ka zauna Madina iya abin da aljihunka da bizarka suka ba ka dama, ka fito da sauran kwanaki a hannu. Da haka ƙofar na nan a buɗe gare ka har iya rayuwa.

"Na shiga Dubai da bizar yawon buɗe ido neman aiki, yau wata 7 da ƙarewarta. Abokaina sun ce in yar da fasfon in ce ya ɓata, in na dawo gida in yi sabo da wani suna. Zai yiwu?" Wani matashi, Birnin Kebbi.

Ɗana, idonka ma za ka yar? Ranar da ka sauka sun ɗauki hoton ƙwayar idonka, ba sunanka kaɗai suka rubuta ba. A gida kuma fasfo yanzu a haɗe yake da lambar NIN, kuma yin ƙarya don a samu fasfo laifi ne mai zaman kansa. Abokan nan naka su bar ba da shawara. Tarar wuce wa'adi a Daular Larabawa dirhami 50 ce kowace rana, wata 7 ya kai ka wajen dirhami 10,000, kuma kowace safiya ƙaruwa take. Sun yi afuwa daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba 2024, mutane suka fita ba tara, amma ba abin da za ka zauna kana jira ba ne. Ka je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Dubai da fasfonka a hannu, ka kuma kira gida ka faɗa wa mahaifinka gaskiya. Na san abin da ke riƙe ka ke nan, kunyar dawowa hannu rabbana.

"Mun kawo mahaifinmu Indiya aikin ƙoda. Likita ya ce sai ya ƙara wata 2 ana duba shi, ga bizarmu saura kwana 20. Ba na iya barci, ina tsoron a kama mu." Wata baiwar Allah, Yauri.

'Yata, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri. Ki kwantar da hankalinki, matsalarki mai sauƙi ce tunda kin farga da wuri. Ana ƙara wa bizar jinya wa'adi a cikin Indiya, haka ita ma ta mai jinya da ke hannunki. Ofishin da ke yi sunansa FRRO, kuma ta intanet ake cike takardun. Gobe da safe ki je sashen da ke kula da baƙi 'yan ƙasar waje a asibitin, ki ce su ba ki wasiƙar likita mai nuna ciwon da tsawon lokacin da ake buƙata, ki haɗa da fasfo da hotuna da shaidar masaukinku. Sun saba, kusan kullum suna yi. Abu biyu kawai nake ja miki kunne a kai. Ki tura neman kafin ranar ƙarshe, ki adana shaidar turawar a waya da kuma a takarda, domin wanda ya bari ta ƙare sai ya biya tara ya nemi izinin fita kafin a bar shi ya hau jirgi. Na biyu, za ki ga masu zarya a bakin asibiti, har da masu jin Hausa, suna cewa a ba su fasfo su gyara. Fasfonku kada ya kwana a hannun kowa.

"Ina saro kaya a Bankok. Na ji ana ba da bizar 'yan ritaya ta shekara guda, ina son in yi don in huta da neman biza kullum. Shekaruna 42." Ɗan kasuwa, Jega.

Alhaji, ka dawo bayan shekara 8. Tailan ba ta ba da wannan biza sai ga mai shekara 50, da bat (kuɗin ƙasar) 800,000 ajiye a bankin ƙasar ko shaidar samun bat 65,000 duk wata, kuma mai ita ba ya aiki, yana kuma kai rahoton inda yake zaune duk kwana 90. Ta Dubai ma sai shekara 55, ta shekara 5 ce, ana neman gida ko ajiya ta dirhami miliyan 1 ko albashin fansho mai kauri. Kuɗin da za ka daskarar a banki gara su yi ta juyawa a shago. Ka kula da hatimin da ake buga maka a filin jirgi: a Tailan tarar wuce wa'adi bat 500 ce kullum har ta kai 20,000, wanda ya wuce wa'adi da fiye da kwana 90 ya kai kansa ana hana shi shiga shekara 1, wanda kuwa aka kama, ko kwanakin ba su da yawa, shekara 5 ce.

"Ɗana na Ingila, matarsa ta haihu, an ba ni biza ta shekara 2. Zan iya zama har yaron ya yi wayo?" Hajiya, Zuru.

Barka, Hajiya, Allah Ya raya. A'a. Shekara biyun na nufin kina iya zuwa ki dawo a cikinsu, amma kowace tafiya ba ta wuce wata 6. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa, suna duba ranar ƙarewar biza su manta da wa'adin zama. Wanda ya wuce da fiye da kwana 30, ko da kuɗinsa ya dawo, ana iya hana shi shiga na shekara guda, kuma tabon zai bi duk neman da zai yi nan gaba. Idan kina dawowa ki kwana biyu ki koma ma, za su ce zama kike yi da sunan ziyara. Ki yi wata 3 ko 4, ki ga an gama wanka, ki dawo. Sanyin can ma ba zai bar ƙafafunki su so wuce haka ba.

"Mu da muke tsallakawa Gaya mu kwana mu dawo, mu ma sai da biza?" Mai sayar da hatsi, Kamba.

Ba biza tsakaninmu da Nijar. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba da kwana 90, kuma ko da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a ranar 29 ga Janairu 2025, ɓangarorin biyu sun ce a ci gaba da zirga-zirga kamar da. Amma ka riƙa tafiya da takardar shaida mai hotonka wadda ba ta mutu ba, kuma in zaman zai wuce wata 3 ka nemi takardar zama a can. Sojan da ke shingen hanya bai san kakarka 'yar Dosso ce ba.