Yaya Zan Gane Hujjar Asali a Laburare?

Tambaya: Malam, an ba mu aikin bincike kan Yaƙin Duniya na Biyu, aka ce dole mu kawo hujjojin asali. Na shiga laburare, littattafai kawai na tarar. Mece ce hujjar asali, kuma ina zan same ta?

Amsa: Ɗalibata, hujjar asali ita ce duk abin da ya fito daga zamanin da abin ya faru, daga hannun ganau: wasiƙar soja, rahoton gwamnati, jarida, hoto, taswira, ko hira da wanda aka yi abin a kan idonsa. Littafin da masani ya rubuta daga baya yana sharhi, wannan jiyau ne.

Amma tambayar da kike bi ita ke raba gardama. Littafin makaranta da aka buga a 1960 jiyau ne game da yaƙin 1939 zuwa 1945. In kuwa kina binciken yadda aka koya wa yara labarin yaƙin ne, to shi ma ya zama hujjar asali.

Kada ki raina littattafan da kika tarar. Ɗauki mafi inganci, ki duba ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi, inda marubucin ke faɗin wurin da ya samo maganarsa. In kika ga CO ko WO da lambobi, fayil ne na Ofishin Mulkin Mallaka ko Ofishin Yaƙi na Birtaniya, ana adana su a Kew, a Landan. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ita ma taska ce ga wannan zamani.

Irin waɗannan ba a jera su a kantar da kowa ke ɗauka. Suna sashen adana tsofaffin takardu, ko a maikurofim (fim mai ɗauke da ƙananan hotunan takardu, da ake karantawa da na'ura), wasu kuma an ɗora su a intanet. Ki je wurin ma'aikacin laburare da shekara da sunan wuri, ki cike takardar neman fayil. Galibi fensir kaɗai ake bari a shiga da shi.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, ganau ma yana da son rai. Jaridun lokacin yaƙi akan tace labaransu, jami'i kuma yakan rubuta abin da zai faranta wa na sama da shi. Kowace takarda ki tambaye ta: wa ya rubuta, don wa, me ya ɓoye? Sannan ki gwada ta da wata. Kafin ki mayar da fayil, ki rubuta lambarsa da kwanan watan takardar, domin da su za ki kafa hujja.