Albashin Kukun Da Yake Ganin Bai Cancanci Matsayinsa Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni kuku ne a wani otal a Abuja. A hannun mahaifiyata da maigidana na koyi girki, ban yi makarantarsa ba, amma an ɗora ni a kan masu takardu. Duk sanda baƙi suka yaba abincina sai gabana ya faɗi, in ji kamar yaudararsu nake yi, wata rana asirina zai tonu. Albashina halal ne, ko in ajiye aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, albashinka halal ne, kada ka ajiye aikinka.

Abin da ke tsakaninka da masu otal ijara ce: ka dafa, su biya. Mizaninta yana cikin Suratul Ƙasas, aya ta 26, wato mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce. Ƙarfin kuku iya girki ne da riƙe kicin ranar da oda ta yi yawa. Amanarsa tsabta, da kiyaye kayan mutane, da ƙin ciyar da su naman da ya lalace. Takarda alama ce kawai ta iyawa.

Wuri ɗaya ne hukunci zai sauya. Idan ka gabatar da takardar jabu, ko ka ce ka yi aiki inda ba ka yi ba, to ka shiga hadisin Asma'u 'yar Abubakar da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa mai nuna an ba shi abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafin ƙarya biyu ne. Wannan sai tuba da gyara. Kai kuwa ba ka ambaci haka ba, kuma malamai sun ce kokwanto ba ya gusar da yaƙini. Abincinka suka ɗanɗana suka ɗaukaka ka.

Yabon baƙi ma kada ya tsorata ka. A Sahihu Muslim, Abu Zarri ya ruwaito cewa an tambayi Annabi (SAW) game da mai aikin alheri da mutane ke yabo, ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Ka ce alhamdu lillahi. Abin da ba ka iya ba, ka tambayi yaranka masu takardun, ba zai rage ka da komai ba.

In damuwar ta kai tana hana ka barci, ka ga likita, neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah ne mafi sani.