Sun kira ni da sunan kamfanin katina, har sun faɗi lambobin ƙarshensa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, ina saro kaya ta intanet da katin kiredit, kuma ina da na'urar POS a shago. Jiya wani ya kira ni ya ce daga sashen tsaro na kamfanin da sunansa ke jikin katina yake, wai an yi yunƙurin sayen kaya masu tsada da katin a wata ƙasa. Ya faɗi cikakken sunana da lambobi huɗu na ƙarshen katin, kuma lambar da ta fito a wayata ta bankina ce. Na karanta masa sauran lambobin, da ranar ƙarewar katin, da lambobi ukun nan na baya. Da ya ce in karanto masa lambar da za ta shigo mini ta saƙo don a soke cinikin, sai jikina ya ba ni, na kashe wayar. Yau ya sake kira sau biyu. Shin na gaskiya ne? Kuma tunda ban ba shi lambar saƙon ba, na tsira?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Wanda ya kira ka ɗan damfara ne, babu ko tantama. Allah ya taimake ka da ka kashe wayar a daidai inda ka kashe ta, amma fa tsugune ba ta ƙare ba, domin katin nan ya riga ya tashi daga aiki. Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, buɗe manhajar bankinka ka dakatar da katin. Idan manhajar ba ta da wurin yin haka, juya katin ka kira lambar da aka buga a bayansa, ka ce a rufe shi a ba ka sabo mai sabuwar lamba.

Dalilin gaggawar shi ne, ba kowane shagon intanet ne ke neman lambar saƙo ba. Akwai shaguna da yawa da lambar kati, ranar ƙarewa da lambobi ukun baya sun wadatar a cire kuɗi, kuma duka ukun suna hannunsa yanzu. Sau da yawa sukan fara da ɗan ƙaramin ciniki wanda ba zai ja hankalinka ba, su ga ko katin na da rai, sannan su kawo babban. Don haka ka bi bayanin asusunka layi-layi tun daga jiya, har cinikin da bai gama shiga ba, kada ka raina ko da ƙanƙanin abu ne matuƙar ba ka san shi ba.

Yanzu ga abubuwan da suka sa ka yarda da shi, domin a nan ne mutane masu hankali da wayo suke faɗawa.

Lambar da ke fitowa a fuskar waya ba shaida ba ce. Mai kira ta intanet yana iya sa kowace lamba ya ga dama ta bayyana a wayarka, har lambar bankinka, kuma idan ka adana lambar da sunan bankin, sunan ne zai fito ɓaro-ɓaro. Saƙon tes ma haka: ana iya aiko da na bogi ya faɗa cikin jerin saƙonnin bankin na gaskiya. Lambobi huɗun ƙarshe kuwa ba sirri ba ne, suna kan kusan kowane rasit da na'ura ta taɓa fitar maka, suna cikin imel ɗin shagunan da ka yi sayayya. Wasu kuma lambobin farko suke karantowa don su burge ka, alhali lambobi 6 zuwa 8 na farko na bankin da ya ba da katin ne, duk mai irin katinka daga bankinka nasa haka suka fara. Katin Visa da 4 yake farawa, na Mastercard da 5 ko 2. Wanda ya faɗa maka wannan bai san komai a kanka ba.

Sai batun kamfanin da ya ce yana wakilta. Visa da Mastercard ba su ne suka ba ka kati ba, hanya ce kawai da kuɗi ke bi tsakanin bankin mai saye da bankin mai sayarwa. Bankinka ne ya ba ka katin, shi ke riƙe da asusunka, shi ke da lambar wayarka. Duk wanda ya ce daga ɗayan waɗannan biyun yake kiranka a kan asusunka, maganar ta lalace tun daga sallama.

Abin da muke so ka riƙe shi ne, ruwa ba ya tsami banza. Ɓarawon da ya mallaki duk abin da yake bukata ba ya kiran kowa, kuɗin yake kwashewa shiru. Idan ya kira, to akwai abin da ya rage masa, kuma a bakinka yake so ya same shi. Yawanci lambobi ukun baya ne, saboda ƙa'idar tsaron kati da ake kira PCI DSS ta hana shaguna ajiye waɗannan lambobi bayan an gama ciniki, shi ya sa bayanan da ake sacewa daga kwamfutocin kamfanoni sukan zo babu su. A katin American Express lambobin huɗu ne, kuma a gaba suke. Bayan su sai lambar saƙon da aka fi sani da OTP.

Wannan lamba ta cancanci a tsaya a kanta. Galibi lambobi 6 ce, tana mutuwa cikin 'yan mintuna, shi ya sa dole ya riƙe ka a waya. Yadda abin ke gudana: yana magana da kai, hannunsa na kan kwamfuta yana shigar da katinka a wani shago. Da ya danna biya, bankinka na gaskiya zai aiko maka da lamba ta gaskiya, shi kuma ya riga ya gaya maka cewa saƙo na zuwa, sai ka ga ai maganarsa ta tabbata. Ba a soke ciniki da wannan lamba, Alhaji. Amfaninta ɗaya ne, amincewa. Banki na da ikon tsayar da kowane ciniki daga ɓangarensa ba tare da ya nemi komai daga gare ka ba. Da za ka nutsu ka karanta saƙon gaba ɗaya, za ka ga ya faɗi adadin kuɗi da sunan shagon, ya kuma gargaɗe ka kada ka ba kowa, amma mai kiran zai yi ta surutu yana cewa lokaci na ƙurewa don kada idonka ya sauka a kan wannan.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Wani lokaci lambar ba ta ciniki ɗaya ba ce, ta ɗora katinka ce a kan Apple Pay ko Google Pay, wato manhajojin biyan kuɗi da waya, a wayar ɓarawon. Idan ta shiga, wayarsa ta zama katinka, zai riƙa shiga shaguna yana biya ba tare da an sake aiko maka da wata lamba ba. Shi ya sa idan ka samu bankin, kada ka tsaya a kan canjin kati kaɗai. Ka ce a duba duk wayoyin da aka ɗora katin a kansu, a cire wanda ba naka ba, domin a wasu bankunan wannan haɗin yana bin sabon kati kai tsaye idan ba a goge shi ba. Mutane da yawa sun karɓi sabon kati suna ganin sun huta, sai cirar ta ci gaba.

Kuma ka sani cewa cinikin da aka tabbatar da lambar saƙo ya fi wuyar dawowa, saboda a rubuce kai ne ka amince. Wanda aka yi ba tare da ita ba, kana da ƙarfi sosai a kansa. Dokokin Visa da Mastercard sun ba da kwana 120 a yawancin ƙorafe-ƙorafe, amma yarjejeniyarka da bankinka na iya zama ƙasa da haka, kuma jinkiri na raunana magana. Ka kai ƙorafi a ranar da ka gani, ka karɓi lambar ƙorafin, ka rubuta rana da lokaci da sunan ma'aikacin da ka yi magana da shi, ka ɗauki hoton jerin kiran da saƙonnin kafin su ɓace. Ka faɗi gaskiyar abin da ka karanta wa mai kiran. Kunya takan sa wasu su ɓoye, daga baya bincike ya nuna, sai bankin ya daina yarda da sauran maganarsu.

Za ka iya cewa, to ai banki yakan kira da gaske. Haka ne, yakan kira idan ya ga cinikin da bai saba gani ba. Amma abin da yake nema a wurinka bai wuce e ko a'a ba: kai ne ka yi wannan cinikin? Ba zai nemi lambar sirrinka ta PIN ba, ba zai nemi kalmar sirrin manhaja ba, ba zai ce ka tura kuɗinka wani asusu wai don a adana maka ba, ba zai aiko ɗan saƙo ya karɓi katin ba. Wannan na ƙarshe sukan ce ka karya katin biyu don hankalinka ya kwanta, alhali ɗan ƙarfen da ke jikinsa yana aiki matuƙar ba a ratsa shi ba. Ba zai kuma ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer a wayarka ba. Manhajoji ne na halal da masu gyaran kwamfuta ke amfani da su, amma wanda ka ba shiga yana ganin fuskar wayarka tamkar a hannunsa take, har saƙonnin da ke shigowa.

Ba ma so ka ɗora wa kanka aikin tantance na gaskiya da na ƙarya a cikin kira, domin su wannan sana'arsu ce, kullum a kanta suke, kai kuwa kana tsakiyar ciniki hankalinka rabe. Duk kiran da ba kai ka yi ba, ka ce na gode, zan kira ku, ka kashe. Ma'aikacin gaskiya ba zai ji haushi ba, kuma ba ka yi asarar komai ba, tunda in da matsala bankin ya riga ya riƙe cinikin. Ka danna lambar bayan katin da hannunka, kada ka bi ta jerin kira, kada ka karɓi lambar da shi ya ba ka, kada kuma ka nemo ta a intanet ka ɗauki ta farko, don akwai tallace-tallacen bogi a can. Idan wayar tebur ce, wasu layukan ba sa yankewa sai mai kira ya ajiye, don haka ka yi amfani da wata wayar ko ka jira minti 5. Kiran da yake ta yi maka yau kada ka ɗauka, kada ka tsaya zaginsa ko gwada shi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka kiran na'ura mai cewa danna 1 a rage maka kuɗin ruwa, dannawar ce ke nuna musu layin na da mai shi.

Ka kuma duba layinka. Idan ya sa ka danna wasu lambobi masu farawa da *21* ko **21*, to ya karkatar da kiranka zuwa wayarsa ne. Danna *#21# ka gani, sannan ##002# yana soke duk wani karkatarwa. In kuwa layinka ya ɗauke gaba ɗaya alhali na kusa da kai na aiki, ka nemi kamfanin waya nan take, wataƙila an fitar da sabon sim da lambarka, sannan ka sanar da banki.

Tunda kana da POS, akwai ƙofa ta biyu, kuma yaran shagonka ne ke tsaronta. Ana kiran shaguna a ce daga kamfanin na'urar ne, za a yi gwaji ko sabuntawa, a sa yaro ya shiga wurin mayar da kuɗi ya shigar da wata lambar kati. Wannan ba gwaji ba ne, kuɗinka ne ke fita zuwa katin ɓarawo. Wani kuma katinsa zai ƙi shiga, sai ya kira wai bankinsa ya miƙa wa yaronka waya, a karanto lambar amincewa a ce ya shigar da hannu. Rasit zai fito, kaya su tafi, bayan kwanaki bankin mai katin ya ƙi biya, asarar ta dawo kanka. Katin da na'ura ta ƙi, an ƙi shi ke nan. Lambar sirrin mayar da kuɗi ta tsaya a wurinka kai kaɗai, ka canza wadda na'urar ta zo da ita. Ka rubuta lambar jikin na'urar a littafi, kuma duk wanda ya zo gyara ko musanya ba tare da kai ka nema ba, kada ya taɓa ta sai ka kira kamfanin ta lambar da ke cikin takardar yarjejeniyarku. Ka gaya wa yaran a fili cewa ba za ka yi faɗa ba idan sun kashe wa wani waya, ko da ya ce shi manaja ne, domin tsoron faɗanka ne ake amfani da shi a kansu.

Ka shirya wa wani kiran nan da 'yan makonni. Lambar wanda ya taɓa amsawa takan zaga hannu zuwa hannu a tsakaninsu, sai wani ya zo da sunan ɗan sanda, lauya ko mai bincike, ya ce an kama waɗanda suka kira ka, a biya ɗan wani abu ko a tabbatar da sabon kati don a kammala shari'a. Zai san labarin kiran jiya dalla-dalla, saboda su ne suka yi shi. Idan sabon katin ya zo, ka kunna alat na kowane ciniki komai ƙanƙantarsa, ka rage iyakar abin da za a iya kashewa ta intanet a rana zuwa daidai bukatarka, ka rufe sayayyar ƙasashen waje sai ranar da za ka saro kaya, sannan ka shiga wuraren da kake biya wata-wata ka sauya musu lambar da kanka. Allah ya tsare maka dukiyarka.